Tambaya da Amsa: Me ya sa ba na ganin gidana na Suleja idan ina Kano?

TAMBAYA

Malam, ina da matsalar da nake so a warware mini. Ni ɗan kasuwa ne, shagona yana Kasuwar IBB a nan Suleja, gidana kuma yana Kwamba. Nakan je Kano sarin kaya a Kantin Kwari, wani lokaci har in kwana. Bara na sa aka ɗaura mini kamarori huɗu a gida tare da na'urar naɗar hotonsu, wadda ake kira DVR. Akwai kuma wata kwamfuta a ɗakina da nake ajiye lissafin shago a ciki. Intanet ɗin gidan daga wata rawuta ce mai ɗaukar sim.

Idan ina cikin gida ina ganin komai a wayata tar. Da na fita ƙofa sai hoto ya ɗauke. Yaron da ya haɗa mini ya ce adireshin gidan ne ke canzawa, saboda haka ya buɗe mini suna kyauta a No-IP, ya ce ana kiran abin DDNS. Mun sa sunan a rawuta, ta nuna cewa ya haɗu, amma har yau ba abin da ke buɗewa daga waje. Wani abokina kuma ya ce in bar wannan wahala in ɗauki hoton lambar QR da ke jikin DVR kawai.

Malam, mene ne DDNS ɗin nan? Me ya hana nawa aiki? Kuma wace hanya ce mafi aminci, domin ba na son wani ƙato ya zauna a wata ƙasa yana leƙen iyalina?

Daga mai karatu a Kwamba, Suleja.

AMSA

Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare hanya. Wannan tambaya ta mutane da yawa ce a Suleja. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, garinku ya zama makwancin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da ke fita bayan asuba ta Madalla da Zuba, ba su dawowa sai bayan isha'i. Duk mai irin wannan rayuwa yana son ya san halin da gida ke ciki.

Ga amsar a taƙaice kafin bayani. Yaron da ya haɗa maka ya yi gaskiya cewa adireshi yana canzawa, kuma DDNS maganin wannan ne. Sai dai ina kyautata zaton ciwonka daban ne: adireshin da rawutarka ke fita da shi duniya na haɗaka ne tsakaninka da ɗimbin wasu masu sim. Idan haka ne, ko sau nawa aka gyara sunan ba zai kai ka gida ba. Akwai gwajin minti biyar da zai tabbatar, akwai kuma hanyoyin da suka fi wadda kuka ɗauko aminci.

Adireshi da suna

Duk na'urar da ke magana a intanet tana da lamba, ita ce adireshin IP. A tsohon tsarin da har yanzu ya fi yawa, IPv4, lamba ce mai gaɓa huɗu da ɗigo a tsakani, kowace gaɓa daga 0 zuwa 255. Mutum ba zai iya haddace irin waɗannan lambobi ba, shi ya sa a 1983 wani injiniya ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara DNS, wato rajistar da ke haɗa suna da lamba. Ka rubuta suna, wayarka ta tambayi rajista, rajista ta ba ta lamba, sannan ta nufi wurin.

Manyan kamfanoni suna da lambar da ba ta motsi. Mai intanet na gida kuwa aron lamba ake ba shi. Aka ɗauke wuta rawuta ta mutu, in ta tashi tana iya tashi da sabuwar lamba. Wani lokaci ma kamfanin da kansa yake sauya ta ba tare da an kashe komai ba. Idan ka rubuta lambar gidanka da safe a Suleja, kafin ka isa Zariya tana iya zama ta wani.

Wannan ne ya haifar da DDNS tun a ƙarshen shekarun 1990, zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho. Aikinsa mai sauƙi ne. Ka yi rajistar suna a wurin masu wannan hidima, kamar No-IP ko DuckDNS ko Dynu. Sai wata 'yar manhaja da ke cikin rawuta ko DVR ta riƙa duba lambar gidan lokaci-lokaci. Da ta ga ta canza sai ta aika wa mai rajista sabuwar, shi kuma ya gyara. Cikin minti ɗaya ko 'yan mintuna sunan ya koma nuna sabuwar lamba. Kai dai suna ɗaya ka riƙe.

Iyakar aikinsa ke nan: ya faɗa maka inda gidan yake a yanzu. Ba ya buɗe maka hanya, ba ya ɓoye hoton da ke tafiya, ba ya korar ɓarawo. Da yawa masu haɗa kamara suna ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Inda gizo ke saƙar

Tsarin IPv4 yana da lambobi kimanin biliyan 4.3 kacal, ƙasa da yawan mutanen duniya, balle wayoyinsu. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba kason ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka daga tsibirin Mauritius. Kamfanin waya mai miliyoyin layuka ba shi da lambar da zai ba kowa tasa. Sai aka koma dabarar da ake kira CGNAT: a ba kowane mai sim lambar cikin gida, a tara mutane da yawa su fita duniya da lamba guda.

Ka ɗauki misalin babban gidan haya mai zaure ɗaya da mai gadi. Idan ɗan haya ya aiki yaro, mai gadi ya ga fitarsa, in ya dawo da saƙo ya san ɗakin da zai nufa. Haka WhatsApp da YouTube ke aiki lafiya a gidanka, domin daga ciki ake fara neman su. Amma idan baƙo ya zo daga waje, ba abin da ke hannunsa sai lambar gidan, mai gadi bai san ɗakin wa yake nema ba, sai ya sallame shi. Lokacin da kake Kantin Kwari kana neman DVR ɗinka, kai ne baƙon. Zauren kuma na kamfani ne, ba ka da ikon ba mai gadi umarni.

Wannan ne dalilin da ya sa rawutarka ta nuna maka cewa suna ya haɗu. Ba ƙarya ta yi ba. No-IP ya rubuta lambar da ya gani, sai dai lambar zauren kamfani ce. Haka lamarin yake a mafi yawan intanet na sim, na 4G ne ko 5G, a Najeriya da sauran ƙasashe. Ko Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, da CGNAT yake tafiyar da IPv4 a tsarinsa na gidaje.

Gwajin da zai raba gardama

Ka zauna a gida, wayarka tana kan wayfay na gidan. Ka juya rawuta, a ƙasanta akwai takarda mai ɗauke da adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ka rubuta shi a burauza, ka shiga, ka nemi wurin da aka rubuta WAN IP, ka kwafe lambar a takarda. Sannan ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum lambarsa, kamar ifconfig.me, ka kwafe ita ma.

Idan lambobin biyu iri ɗaya ne, kana da adireshi na fili, kuma DDNS zai yi maka aiki. Idan sun bambanta, akwai wani zaure a gabanka. Haka nan idan lambar rawutar ta fara da 10, ko ta fara da 100 gaɓa ta biyu kuma tana tsakanin 64 da 127, magana ta ƙare, CGNAT ne. Wannan rukuni na 100.64 an ware shi ne musamman domin CGNAT a 2012. Idan kuwa ta fara da 192.168, ko 172 da gaɓa ta biyu tsakanin 16 da 31, ka fara dubawa ko rawuta biyu ne a jere a gidan, ta kamfani da taka, domin wannan ana iya gyara shi a cikin gida.

Duk gwajin da za a yi daga baya, a kashe wayfay a waya a kunna datar sim. Sau da yawa mai gyara yakan gwada yana tsaye a falo kan wayfay ɗin gidan, hoto ya fito, a biya shi ya tafi, alhali ba a gwada komai ba.

Hanyoyin da ke gabanka

Ta farko ita ce shawarar abokinka. Kamfanonin kamara sun san da wannan matsala, shi ya sa Hikvision ke da Hik-Connect, Dahua kuma ke da DMSS. A nan DVR ce ke fara kiran babbar kwamfutar kamfanin daga ciki, wayarka ma ta kira, a haɗa ku. Tunda daga ciki aka fara, CGNAT ba ya hanawa. Ga kamara kawai, wannan ce mafi sauƙi. Sharaɗinta shi ne ka amince wa kamfanin, kuma asusun ya zama da imel ɗinka ko lambar wayarka. Na jaddada wannan domin abin da ya fi yawa shi ne mai haɗawa ya ɗaura DVR a asusunsa, sannan ya raba maka kallo. Ke nan shi ne mai gida, kai kuma baƙo. Ka sa ya cire ta daga asusunsa a gabanka, ka ɗaura ta a naka, ka kunna ɓoye hoto da lambar sirrin da kai kaɗai ka sani. Wannan hanya ba za ta kai ka ga kwamfutar lissafi ba.

Ta biyu ita ce na fi ba ka shawara a kanta idan kana son kamara da kwamfuta duka. Akwai manhajoji irin su Tailscale da ZeroTier da ke haɗa na'urorin mutum su zama kamar suna ɗaki ɗaya ko da ɗaya tana Suleja ɗaya tana Kano. Ka sa manhajar a kwamfutar gida, ka sa a wayarka, ka shiga da asusu ɗaya. Kowacce daga ciki take fita, kuma duk abin da ke tsakaninsu a ɓoye yake tafiya. Tailscale an gina shi ne a kan WireGuard, fasahar da Jason Donenfeld ya rubuta, wadda aka shigar cikin zuciyar Linux a 2020. Dukansu suna da tsarin kyauta da ya ishi mai gida. Ana iya saita kwamfutar ta zama mashigar sauran kayan gidan, ta yadda za ka isa DVR ta cikinta. Idan kwamfutar tana shan wuta da yawa, 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, za ta riƙe wannan aiki dare da rana. Wani lokaci idan na'urorin biyu sun kasa haɗuwa kai tsaye, saƙo yakan bi ta tashar kamfanin, sai ka ga hoto yana ɗan jan ƙafa.

Ta uku ita ce ka nemi adireshi na fili. Wasu kamfanonin intanet, musamman masu jawo waya har gida da masu tsarin 'yan kasuwa, suna bayarwa idan an biya ƙari. Ka ce musu "public IP" kake nema, domin da wannan sunan suka san shi, kuma ka tambaya ko mai canzawa ne ko tsayayye. Idan mai canzawa ne, nan ne DDNS ke da amfani na gaske. Idan tsayayye ne, ba ka ma buƙatarsa.

Akwai ta huɗu, wato sabon tsarin IPv6 mai lambobin da ba za su ƙare ba, wanda Starlink ke bayarwa, kuma DDNS yana aiki da shi. Sai dai dole gida da wayar da ke hannunka duka su kasance suna da shi, kuma ba kowane layi ne zai ba ka shi a kan hanya ba. Kada ka dogara da shi tukuna.

Idan ka samu adireshi na fili

Rawutoci da yawa suna zuwa da DDNS nasu kyauta, kamar TP-Link da ASUS da MikroTik. Idan No-IP za ka riƙe, ka sani cewa sunan kyauta sai an sabunta shi duk kwana 30 ta saƙon imel, in ba haka ba ya faɗi. To imel ɗin wa aka yi rajista da shi, naka ko na yaron? Ka kuma tuna cewa abin kyauta yana iya ƙarewa. Kamfanin Dyn, wanda a lokacin ya fi kowa suna a wannan fage, ya rufe tsarinsa na kyauta a 2014. Kada kuma ka zaɓi sunan da ke ɗauke da sunanka ko na shagonka ko na unguwarku.

Bayan suna, sai a buɗe ƙofa a rawuta, a wurin da aka rubuta Port Forwarding. A nan ne nake roƙonka ka yi hattara. Abin da aka saba yi shi ne a buɗe ƙofofin DVR kai tsaye, 80 da 554 da 8000 ga Hikvision, ko 37777 ga Dahua, a kuma buɗe 3389 domin shiga kwamfuta. Kada ka yarda. Ƙofa ɗaya za a buɗe, ta VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga gida daga nesa, misali WireGuard da aka fi sa wa lamba 51820. Wanda ba shi da mabuɗi ko ya ƙwanƙwasa ba za ta amsa masa ba. Kai ka shiga ta nan, sannan ka ga sauran kaya kamar kana falo.

Tsoronka yana kan hanya

Mutane kan ce, wa ya san da gidana a Kwamba har zai neme shi? Ba mutum ne ke nema ba, manhajoji ne ke bin lambobin intanet ɗaya bayan ɗaya ba dare ba rana, suna taɓa kowace ƙofa. Akwai ma shafin bincike mai suna Shodan da aikinsa shi ne jera na'urorin da ke buɗe. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya baje hotunan kamarori fiye da 70,000 na ƙasashe daban-daban kai tsaye, har da na cikin ɗakuna, kuma bai fasa komai ba, kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ce ba a canza ba. A 2016 wata muguwar manhaja, Mirai, ta kame dubban ɗaruruwan kamarori da DVR da rawutoci ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri 60 da 'yan kai, irin su admin da 12345. A ranar 21 ga Oktoban shekarar aka yi amfani da su aka afka wa kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. A 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a kamarorin Hikvision da dama da ke ba maharin dama ko bai san kalmar sirri ba, kamfanin ya fitar da gyara, amma gyaran ba ya amfanar wanda bai sabunta na'urarsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ka canza kalmar sirrin rawuta da ta DVR da kanka bayan mai gyara ya tafi, doguwa, kowacce daban. Ka kashe UPnP a rawuta, domin shi ne ke ba na'urori damar buɗe wa kansu ƙofa ba da saninka ba. Ka sa a sabunta manhajar cikin DVR. Idan da wanda za ka ba kallo, ka buɗe masa nasa asusun mai iyaka.

Mafi girman kariya kuma ita ce inda kamarar ke kallo. Ƙofar gida, gareji, bayan katanga, wurin janareta, waɗannan sun isa. Kada a sa ido a tsakar gida inda mata ke aikinsu a sake, balle ɗakuna. Kada a karkata ta ta leƙa gidan maƙwabci. Ka kuma sanar da uwargida da duk wanda ke zaune a gidan inda kowace kamara take. Addini da al'ada sun koya mana sallama da neman izini kafin shiga gidan mutane, kuma na'ura ba ta soke wannan ba. Abin da kamara ba ta ɗauka ba, ba wanda zai iya sace shi.

Wuta da data

Duk dabarar da ka zaɓa, idan rawuta ta mutu komai ya mutu. Ka ɗora rawuta da DVR da kamarori a kan inbata ko sola, ko ka saya wa rawuta ƙaramin batirin da ake yi domin ta. A kwamfuta kuma akwai saitin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, ka ce a kunna shi, a kuma hana ta yin barci. Ka tabbatar datar sim ɗin gida ba za ta ƙare kana hanya ba.

Kallon ma yana da tsada, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Kamara ɗaya mai tura megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan megabayit 900 a awa, kuma sau biyu za ka biya, a sim ɗin gida da a wayarka. Ka riƙa kallo da ƙaramin hoto, wanda manhajojin ke kira SD ko Fluent, ka bar babban sai in ka ga abin da ya ɗaure maka kai. Game da lissafin shago, idan fayil ne na Excel, ajiye shi a Google Drive ko OneDrive zai iya raba ka da buƙatar shiga kwamfutar gaba ɗaya, ya kuma zame maka madogara ranar da ta lalace.

Abin da za ka yi a makon nan

Ka fara da gwajin lambobi biyu. Idan ya nuna CGNAT, ka goge saitin DDNS da duk ƙofar da yaron ya buɗe, domin ba sa amfanar ka yanzu, kuma ranar da ka sauya kamfani za su zama haɗari. Ka mayar da DVR asusunka, ka sa Tailscale ko ZeroTier a kwamfuta da waya. Sannan ka gwada daga shago da datar wayarka, ka sa a kashe rawuta a sake kunnawa, ka ga ko komai ya dawo da kansa ba tare da an taɓa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaron da ya haɗa maka kuma kada ka ga laifinsa da yawa. Abin da ya koya yana aiki a inda ake ba kowane gida lambarsa. Ka nuna masa wannan amsa, domin akwai gidaje da yawa a Suleja da za su amfana idan ya gane bambancin. Allah ya tsare maka iyali da dukiya, ya kai ka Kano lafiya ya dawo da kai lafiya.